Aiki kusa da radiyeshan: yadda za ka tsare lafiyarka, ka kuma nemi diyya idan ta taɓa ka

Tambayar da ake ta maimaita mini ita ce: mutum ya shafe shekaru yana ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, ko yana haska waldar bututun mai, ko yana haƙar ma'adini, yau ciwo ya kwantar da shi, ina zai dosa? Wasu kuma lafiyarsu ƙalau, hankalinsu ne bai kwanta ba. Amsar duka biyun daga wuri ɗaya ta faro. Radiyeshan, wato hasken nan mai ratsa jiki da ido ba ya gani, ba ta da wari, ba ta da zafi, sau da yawa ba ta barin tabon da za ka nuna wa alƙali. Wanda inji ya yanke wa yatsa, yatsan ne shaidarsa. Kai ba ka da shaidar da ta wuce takarda, kuma tun kana da lafiya ake tara ta. Zan bi matakan bisa dokar Najeriya, sannan in taɓo na 'yan'uwanmu na Nijar.

1. Tabbatar ko aikinka yana cikin sahu

Masu ɗaukar hoton ƙashi da na'urar CT, ma'aikatan sashen gashin sankara, da likitoci da nas-nas da ke tsayawa a tiyata ana haska majiyyaci, duk suna ciki. Haka masu haska walda a harkar mai da gas da sinadarin iridiyom-192, masu auna rijiyoyin mai, masu kula da na'urar auna kauri ko cikar tanki a masana'anta, da masu haƙar yuraniyom. Masu tonon kuza da wankinta a Filato su ma kada su cire kansu, domin tarkacen da ake zubarwa bayan an tace kuza yana ɗauke da ma'adinai masu toriyom, sinadari mai fitar da radiyeshan.

Na'urar duban ɗan tayi da ta MRI ba sa fitar da irin wannan radiyeshan, don haka ba a kansu ake magana ba.

Gargaɗi ga 'yan gwangwan da masu sayen tsohon ƙarfe: idan aka kawo maka ƙaramin tulun ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, ko mai alamar fuka-fuki uku a kan launin ɗorawa, kada ka fasa, kada ka kai gida. A 1987 a garin Goyaniya na ƙasar Burazil, masu neman ƙarfe sun fasa irin wannan da suka ɗauko daga wani asibitin da aka rufe, mutum 4 suka mutu, kusan 250 suka gurɓata. Matsa nesa, hana yara zuwa, ka sanar da 'yan sanda ko hukumar sa ido kan harkar nukiliya ta Najeriya, wato NNRA.

2. Gano waye uban gidanka a takarda

Wannan matakin kusan kowa yake tsallakewa. Ɗauko takardar ɗaukarka aiki da takardar albashi ka duba sunan da ke sama. Sau da yawa kamfanin da tambarinsa ke jikin rigarka daban, wanda ya ɗauke ka daban: ɗan kwangila ne, ko kamfanin samar da ma'aikata.

Ga abin da ya sa na nace. Wani Bafaranshe ya yi aiki a mahaƙar yuraniyom ta kamfanin Cominak da ke Akokan a Nijar daga 1978 zuwa 1985, sankarar huhu ta kashe shi a 2009. Iyalansa sun kai kamfanin Areva na Faransa, mai hannun jari a Cominak, ƙara, suka yi nasara a 2012. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta rushe hukuncin, ta ce Cominak ce ta ɗauke shi aiki, ba Areva ba. Kotun ba ta ce aikin bai taɓa shi ba, sunan da ke kan kwantiragi ne ya kayar da su.

Sannan ka bincika ko uban gidan naka ya yi rajista da asusun inshorar ma'aikata, wato NSITF. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata. Daga aljihunsa ne, doka ta hana a cire daga albashinka. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da ɗan koyo, da na rabin lokaci, don haka kada wani ya ce maka “ai kai ba cikakken ma'aikaci ba ne”. Sojoji masu kaki ne kawai ba ta shafa ba. Wurin aikin kuma ya kamata ya mallaki lasisin NNRA, hukumar da dokar 1995 ta ɗora wa alhakin sa ido a kan duk wata na'ura ko sinadari mai fitar da radiyeshan.

3. Karɓi bajon awo, ka kuma rataya shi daidai

Bajon awo ɗan ƙaramin abu ne kamar katin shaida, wanda ma'aikata ke kira TLD. Ba ya kare ka daga komai. Aikinsa ƙirga abin da jikinka ya sha. Ana kai shi ɗakin gwaji a karanta, wasu wuraren duk wata, wasu duk wata 3. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da cibiyar kariya daga radiyeshan da ke Jami'ar Ibadan suna cikin wuraren da aka sani da wannan aiki. Kuɗin bajon da na karanta shi a wuyan wurin aiki suke.

A ƙirji ake maƙala shi. Idan bajo ɗaya gare ka kuma kana sa rigar dalma mai tare radiyeshan, abin da aka saba shi ne a sa shi a ƙarƙashin rigar. Masu aikin tiyata da haske sukan ƙara na biyu a wuyan riga ta waje, saboda ido da wuya. Tambayi jami'in kula da radiyeshan na wurinku tsarin da ake bi, ka tsaya a kansa.

Kurakuran da na fi gani: a rataye bajon a ƙusa cikin ɗakin hoto a tafi gida, sai ya ƙirga abin da ba kai ka sha ba. A jefa shi a durowa wata guda, sai sakamako ya fito da sifili, shekara 15 nan gaba a ɗauko wannan sifilin a ce ka gani, ba abin da ya same ka. A ara wa abokin aiki. A bar shi a mota cikin zafin Afrilu, zafi kuwa yana ɓata awon. A shiga da shi lokacin da kai ne majiyyacin da za a ɗauka hoto. Na taɓa aiki a wani wuri inda bajo 2 ke yawo tsakanin mutum 6, kuma mu da kanmu muka ɗauki abin da wasa. Har yau ina jin takaicin shekarun nan da ba ni da awonsu.

Idan an hana ka bajo, rubuta takardar buƙata, a buga mata hatimin karɓa, ka riƙe kwafi. Ita kanta wannan takardar shaida ce ran gobe.

4. San lambobin da ake auna ka da su

Ma'aunin shi ne milisibat. Iyakar ma'aikaci 20 ce a shekara idan aka daidaita shekara 5, kuma kada ta haura 50 a shekara guda. Wanda ba ma'aikaci ba, iyakarsa 1. Ɗan koyo mai shekara 16 zuwa 18, iyakarsa 6. Don ka kwatanta: abin da mutum ke sha daga ƙasa da iska da abinci, ba tare da wani aiki ba, ya kai kusan 2.4 a shekara a matsakaicin duniya, hoton ƙirji ɗaya kuma bai wuce 0.1 ba.

Mai ɗaukar hoto da ke tsayawa bayan katangar kariya bai kamata ya ko kusanci 20 ba. Idan ka ga awonka ya yi tsalle a wata guda, ko da bai kai iyaka ba, nemi a bincika: ko ƙofa ba ta rufuwa da kyau, ko rigar dalma ta tsage ta ciki, ko na'urar na yoyo.

Kariyar kanta abu uku ce. Rage lokacin tsayuwa. Ƙara tazara, domin idan ka ninka nisanka da na'urar, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Sa shinge a tsakani. Kada ka mayar da kanka mai riƙe yara ana ɗaukar su hoto kullum. A sa wa ɗan'uwan yaron rigar dalma ya riƙe, shi sau ɗaya zai yi, kai sau ɗari. Rigar dalma rataye ta ake yi, naɗewa na fasa ta. A mahaƙa kuwa babban abokin gaba ƙura ce da iskar radon mai fitar da radiyeshan da ake shaƙa: takunkumi, iska mai gudana, kada a ci abinci a bakin aiki, kada a kai kayan aiki gida a wanke tare da na yara.

'Yar'uwa, da zarar kin tabbatar kina da juna biyu, sanar da wurin aiki a rubuce. Na san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, amma a nan kunya na iya cutar da ɗan. Abin da ake so kada ɗan tayin ya sha fiye da milisibat 1 har haihuwa. Sauya miki wurin tsayuwa ake yi, ciki ba dalilin kora ba ne.

5. Buɗe fayil a gida tun yau

Nan ne zuciyar maganar. Sayi fayil na roba, ka zuba takardar ɗaukar aiki da duk ta ƙarin girma ko canjin wuri, takardun albashi, sakamakon bajo na kowane zango, gwajin lafiyar da aka yi maka kafin fara aiki da na shekara-shekara musamman ƙidayar ƙwayoyin jini, takardun horo, da kwafin duk wani ƙorafi da ka taɓa rubutawa. Ka ɗauki hoton kowace da waya ka aika imel ɗinka, saboda gara da ruwan sama da gobara. Ka kuma nuna wa mai ɗakinka ko babban ɗanka inda fayil ɗin yake.

Samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar da wani abu ya faru: na'ura ta maƙale, an kunna haske kana ciki, bajo ya ɓata, da waɗanda ke wurin.

Dalilin wannan wahala shi ne jinkirin cutar. Sankarar jini na iya bayyana daga shekara 2 zuwa sama, sauran nau'o'in sankara sukan ɗauki shekara 10, 20, har fiye. Kafin nan asibitin ya canza hannu, kamfanin ya naɗe tabarmarsa, wanda ke riƙe da kundin ya yi ritaya. Ƙa'idar hukumar makamashin nukiliya ta duniya ita ce a adana tarihin awon ma'aikaci har ya kai shekara 75, kuma kada a zubar kafin shekara 30 da barinsa aiki. Wannan a takarda ke nan. Kai dai riƙe naka.

Gargaɗi: ranar barin aiki, kafin ka sa hannu a takardar sallama, karɓi jimillar awonka na duk shekarun, mai hatimi, ka kuma yi gwajin lafiya na fita. Bayan ka miƙa katin shaida, ƙofar da kake shiga ba sallama sai ta koma sai da roƙo.

6. Idan hatsari ya faru

Bar wurin, hana wasu shiga, kira jami'in kula da radiyeshan. Kada ka ɗauki sinadarin da ya faɗo da hannu, ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Idan ƙura ko ruwa mai gurɓata ya taɓa ka, cire tufafin ka ƙulle a leda, ka yi wanka da sabulu ba tare da dirza ba. Miƙa bajonka a karanta nan take.

Je asibiti a ranar ko da ba ka jin komai. A ɗauki jini a ƙirga ƙwayoyinsa, a maimaita sau da yawa cikin kwana 2 na farko, domin saurin faɗuwar fararen ƙwayoyin jini ke nuna yawan abin da ka sha. Faɗa wa likita ƙarfe nawa abin ya faru, ƙarfe nawa ka fara amai idan ka yi. Ƙunar radiyeshan takan fito bayan kwanaki ko makonni, don haka riƙa ɗaukar hoton wurin kullum. Ka tabbata likita ya rubuta cewa a bakin aiki ne.

7. Sanar cikin kwana 14

Doka ta ba ka kwana 14 ka sanar da uban gidanka, daga ranar hatsarin ko ranar da ka samu labarin cutar. Idan kana kwance, iyalinka na iya yi a madadinka. Rubuta sunanka, lokaci da wurin da abin ya faru, da abin da ya same ka, cikin magana mai sauƙi. Yi kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya a ba ka. Uban gidan kuma yana da kwana 7 ya kai rahoto NSITF.

Kuskuren da ke kashe ƙara tun ba ta tashi ba shi ne faɗa wa oga da baki, ya ce “Allah ya sawwaƙe, za mu duba”, ka koma gida kana jira. Bayan mako ɗaya, je ofishin NSITF na jiharka da kwafinka ka tambaya ko rahoton ya iso.

8. Rahoton likita

A nan ake cin nasara ko a faɗi. Cututtukan da radiyeshan ke haddasawa suna cikin jerin cututtukan aiki da ke jikin dokar, amma sankarar da aiki ya jawo da wadda ta zo haka kawai kamanninsu ɗaya ne a idon na'ura. Abin da ake dubawa shi ne yawan abin da ka sha, irin cutar, da tazarar shekarun. Sankarar jini, ta huhu ga mahaƙa, ta fata, ta ƙullutun tayirod a wuya, yanar ido tun da ƙuruciya, da durƙushewar ɓargo, su aka fi dangantawa da wannan aiki.

Je asibitin koyarwa wurin ƙwararre, da fayil ɗinka a hannu. Likitocinmu na fama da layi, da wuya a tambaye ka sana'arka, kai za ka faɗa. Rahoton ya ƙunshi sunan cutar, sakamakon gwajin tsokar da aka yanka, shekarun aikinka da awonka, ra'ayin likita kan alaƙar cutar da aikin, da yadda ta rage maka ƙarfin aiki.

Idan kana shan taba ko ka taɓa sha, faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Za a gano, kuma ƙarya ɗaya na zubar da duk sauran maganarka. Taba ba ta soke haƙƙinka kai tsaye. Bincike a kan mahaƙan yuraniyom ya nuna taba da radon idan suka haɗu, illarsu ta fi ta kowanne shi kaɗai.

9. Shigar da buƙatar diyya

Wa'adi shekara 1 ne daga ranar rauni, nakasa ko rasuwa. Hukumar NSITF na iya karɓa har zuwa shekara 3 idan akwai ƙwaƙƙwaran uzuri, amma kada ka jingina da wannan. Fara ƙirge daga ranar da likita ya faɗa maka sunan cutar.

Karɓi fom a ofishin NSITF, ka haɗa da rahoton likita, takardun aiki da albashi, tarihin awo, kwafin sanarwar da ka yi, rasiɗan magani, da katin shaida. Kwafi ake miƙawa, na asali ya zauna a hannunka. Karɓi lambar fayil da sunan sashen da ke riƙe da shi.

Ba sai da lauya ake shigarwa ba, kuma ba a sayen haƙƙin nan da cin hanci. Kuɗin da za ka kashe na mota ne, da kwafin takardu, da kuɗin rahoton likita da gwaje-gwaje, wanda kowane asibiti ke da nasa farashin. Riƙe kowane rasiɗi.

Abin da doka ta tanada: nakasar dindindin da ta hana aiki gaba ɗaya, kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata. Nakasar da ta rage ƙarfin aiki, kashi 90 na abin da aka ƙiyasta ka rasa. Akwai kuma kuɗin magani da taimakon komawa sana'a.

Gargaɗi: idan wurin aiki ya kira ka gefe ya miƙo wani abu “na taimako” tare da takardar cewa ka yafe komai, kada ka sa hannu. Doka ba ta amince da yarjejeniyar yafe diyya ba. Haka kuma kada ka ruga kotu kafin ka ga lauya, domin an tsara diyyar ne ta maye gurbin ƙarar uban gida, ba a cin biyu. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, ko ƙungiyar ƙwadagonsa.

10. Idan rai ya yi halinsa

Wannan na iyali ne, kuma da nauyi nake rubuta shi. Mu mutane ne masu gaggauta kai mamaci makwancinsa, kuma haka addini ya koyar. Amma kafin a bar asibiti, mutum ɗaya ya tsaya ya karɓi takardar da likita ya rubuta musabbabin rasuwa, da sunan cutar a fili. Idan a gida aka rasu, a koma wurin likitan da ke duba shi cikin kwanakin zaman makoki. Bayan nan a karɓo takardar shaidar mutuwa daga hukumar ƙidaya.

Matar da aka bari da 'ya'ya 2 ko fiye tana da kashi 90 na albashin mamacin duk wata, mai ɗa 1 kashi 85. A rubuta sunayen dukkan mata da 'ya'ya tun farko, da shaidar aure da takardun haihuwa; inda babu takardar aure, a yi rantsuwa a kotu. Za a samu mai cewa a bar wa Allah, ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu ja. Amma kuɗin nan an riga an zuba su saboda irin wannan rana, abincin marayu ne da kuɗin makarantarsu, kuma waliyyin da ya bar su suka salwanta saboda nauyin baki bai kyauta wa yaran ba.

11. Idan an ƙi biya

Nemi dalilin a rubuce. Kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙorafi ga hukumar gudanarwar NSITF. Kada ka mayar da takardun da aka riga aka gani kawai, ƙaro abin da ya amsa dalilin ƙin: ra'ayin ƙwararre na biyu, rantsuwar tsoffin abokan aiki, ko ƙiyasin awo daga masanin kimiyyar radiyeshan idan ba a taɓa ba ka bajo ba. Daga nan sai kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda ke da rassa a Abuja, Kano, Kaduna, Jos da wasu biranen. A wannan gaɓar kam sai da lauya.

12. Ga tsoffin ma'aikatan Arlit da Akokan

A Nijar asusun CNSS ke kula da hatsarin aiki da cututtukan aiki, tare da ofishin sufeton ƙwadago. Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, gwamnati kuma ta sanar da mayar da Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, hannunta a watan Yunin 2025. Duk lokacin da kamfani ya rufe ko ya canza hannu, kundin ma'aikata ne ke fara shiga rububi. Wanda ya koma Tawa ko Maraɗi ko Damagaram ba tare da tarihin awonsa da fayil ɗinsa na asibitin kamfani ba, ya rubuta ya nema yanzu, ya riƙe lambarsa ta CNSS. A ƙarshen 2011 an kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsoffin ma'aikatan mahaƙan a jihar Agadas, wadda ake kira OSRA. Wanda ta taɓa dubawa ya karɓi kwafin sakamakonsa. Ma'aikatan 'yan kwangila su suka fi shiga tsaka mai wuya, domin da yawansu ba sa cikin kundin babban kamfani. Su haɗa kansu rukuni-rukuni, kowa ya rubuta shekarun da ya yi, ramin ko sashen da ya yi aiki, da sunan kamfanin da ke biyansa, sauran su sa hannu a matsayin shaidu, a kai a buga hatimi a ofishin magajin gari.